SHARHI: Soyayyar Waya, Tarkon Hoto Da Matasan Da Kunya Ke Rufe Wa Baki

A watan Maris na 2022, wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 17 a garin Marquette na jihar Michigan a Amurka ya samu saƙo a Instagram daga wata budurwa. Hira ta yi daɗi, ta nemi ya turo mata hoton tsiraicinsa, ya tura. Nan take magana ta sauya: ko ya biya dala 1,000, ko a watsa hoton ga iyayensa da abokansa. Ya tura dala 300, ba a ƙyale shi ba. Kafin gari ya waye yaron ya kashe kansa. Daga sallamar farko zuwa mutuwarsa bai kai sa'o'i shida ba.

Babu wata budurwa. Wasu samari ne biyu, wa da ƙani, suke zaune a Legas suna sarrafa shafin. Hukumar EFCC ta kama su, aka miƙa su ga Amurka a watan Agustan 2023, a Satumban 2024 kuma kotun tarayya ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 17 da rabi.

Wannan shari'a ɗaya ce daga cikin dubbai. Hukumar bincike ta FBI ta ce tsakanin Oktoban 2021 da Maris na 2023 an kai rahoto sama da 13,000 na irin wannan ƙwace ta hanyar barazana da hoto a kan yara, akasarinsu maza 'yan shekara 14 zuwa 17, kuma aƙalla 20 daga cikinsu sun kashe kansu. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a, tare da dubban zaurukan Facebook inda ake koyar da ita, har da rubutattun kalaman da za a yaudari mutum da su.

A nan gida an fi karanta labarin a matsayin wani sabon abin kunyar 'yan Yahoo. Haka ne, amma akwai tambayar da ta fi wannan kusa da mu: me ya sa tarkon yake kama yara haka da sauri?

Matashi ɗan shekara 15 jikinsa ya balaga, amma sashen ƙwaƙwalwa da ke auna sakamako da danne gaggawa ba ya kammala girma sai an haura shekara 20. A wannan tsakanin, babu abin da ya fi nauyi a zuciyarsa kamar yadda tsaransa suke kallonsa. Ga ƙishirwar a so shi, ga tsoron a yi masa dariya. Mai yaudara da farkon yake shiga, da na biyun yake ƙwace. Makaminsa ba hoton ba ne, tabbacin da yake da shi ne cewa yaron zai gwammace komai da ya faɗa wa wani babba.

Wannan ne ya sa bai kamata mu ɗauki lamarin na yaran Turawa kaɗai ba. A ƙasar Hausa zance yana da tsari. Saurayi ya zo ƙofar gida, ya aika yaro ya yi sallama da yarinya, a shimfiɗa tabarma a zaure ko soro, ƙanwa tana kai-kawo, masu wucewa suna gani. Kafin a yi nisa an san ɗan gidan wane ne, an kuma ce ya turo magabatansa. Tsarin yana da nasa aibu, domin sau da yawa ba a tambayar ra'ayin yarinyar yadda ya kamata, amma yana da shaidu. Yau an rufe ƙofar gida da ƙarfe tara, zancen kuma yana ci gaba a cikin ɗaki har ƙarfe biyu na dare, da mutumin da ko yarinyar ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Zancen ya tashi daga zaure, shaidun ba su bi shi ba.

Kunya kuwa, wadda muke alfahari da ita a tarbiyya, a nan takan koma sarƙa. Ɗan da ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa, ta yaya zai ce masa ya tura wa wata hoton tsiraicinsa? Ga 'ya mace abin ya fi muni. Mai barazanar ma ba lallai ya zama baƙo mai neman kuɗi ba. Yakan zama tsohon saurayi da aka rabu da shi, wanda ya san hoto ɗaya ya isa ya rusa baiko, ya kuma bar tabo a kan gida gaba ɗaya. Idan magana ta fito, ita ake fara tuhuma, shi kuma a ce yarinta ce.

Ƙasashe sun fara neman mafita ta hanyar doka. Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafafen sada zumunta a watan Nuwamban 2024, ta fara aiki ranar 10 ga Disamba, 2025. Abin lura shi ne ba yaro ko iyayensa ake hukuntawa ba, kamfanin ake ci tara, har kusan dalar Ostireliya miliyan 50. Ko dokar za ta yi tasiri, ana ta muhawara, tunda yaron da ya iya buɗe shafi ya iya ƙara wa kansa shekaru. Amma ta ɗora nauyin a kan masu cin ribar zaman yara a waya, kuma a ganina wannan daidai ne.

Nijeriya tana da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ta haramta hotunan batsa na yara da barazana ta intanet. Sai dai a bakin jama'a an fi sanin Sashe na 24 na dokar da kamen 'yan jarida da masu sukar mahukunta. A jihohin Arewa ma, ƙarfin hukuma ya fi bayyana wajen kamo matasan TikTok da aka zarga da rashin ɗa'a. Yarinyar da take ganin irin wannan kame a wayarta, da wuya ta yarda cewa idan ta kai ƙarar mai yi mata barazana za a karɓe ta a matsayin wadda aka zalunta.

Akwai hanya guda da ba ta buƙatar zuwa caji ofis. Cibiyar kare yara ta Amurka, NCMEC, tana da manhaja kyauta mai suna Take It Down ga duk wanda aka ɗauki hotonsa yana ƙasa da shekara 18, a kowace ƙasa yake. Hoton ba ya barin wayarsa. Wata lamba ce ta musamman ake cirowa daga jikinsa a raba wa kafafen da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, domin su gano shi su cire. Ba ta kai wa ga abin da aka riga aka tura ta WhatsApp, inda saƙonni suke a kulle, kuma a can ne mafi yawan zancen matasanmu yake gudana.