Martani: Ba Sigari Kaɗai Ke Jawo Ƙiriniyar Yara Ba

Marubucin da ya ɗora alhakin ƙiriniyar yaro kacokan a kan sigarin da uwarsa ta sha tana da ciki ya yi azarɓaɓi. Gaskiya ne, binciken da ya bi yaran da aka haifa a Birtaniya daga 2000 zuwa 2002 ya nuna 'ya'yan masu shan taba sun fi rashin ji tun suna shekara uku. Amma haɗuwar abu biyu ba ta nuna ɗaya ne sanadin ɗaya. A 2009, masana a Jami'ar Kadif sun duba yaran dashen ƙwai: inda mai cikin ba ita ce mai ƙwan ba, alaƙar sigari da rashin ji ta ɓace, alamar gado yana da hannu.

Za a ce wanke taba nake yi. Ko kusa. A binciken na Kadif, jariran masu shan sigari sun zo da ƙarancin nauyi ko ƙwan na wace ce, domin nikotin yana matse jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da ɗan tayi ke samu. Wannan hujjar ta isa a roƙi mai ciki ta daina. Tsoratar da ita da abin da bai tabbata ba kuwa, sai ya sa ta ɓoye wa ungozoma gaskiya.