Nokawut: Doka Muke So, Mun Gaji da Sanarwa

Ga shi an sake. Shekara ta zo ƙarshe, masu magana da yawun 'yan sanda sun fito jiha bayan jiha suna karanta mana abin da suka karanta bara: an haramta sayarwa da buga nokawut, duk wanda aka kama zai ɗanɗana kuɗarsa. Haka ake yi gab da Kirsimeti, haka ake yi gab da Sallah. Kafin magariba kuma sai ka tarar da mai tebur ya jera kwalayensa tsakanin alewa da biskit, yaro ya miƙa canjin da ya rage na cefane, ya karɓa ya ƙyasta.

Daren Talata a layinmu, wajen ƙarfe ɗaya, wasu samari suka saki guda uku a jere. Maƙwabciyata, dattijuwa mai fama da hawan jini, ba ta tsaya tambaya ba. Ta tattara jikoki ta tura su ƙarƙashin gado, ita kuma ta kwana a zaune tana salati. Kada wanda ya ce ta cika tsoro. Duk wanda yake Kano ranar hare-haren bama-bamai na 20 ga Janairun 2012 ya san abin da ƙara take nufi, balle mutumin Maiduguri ko na ƙauyukan Zamfara. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɓarawo na son daren da ba a bambance nokawut da harsashi.

Waɗanda suka fi mu son wasan wuta ba su haramta shi da fatar baki ba, lokaci suka yanka masa. A Birtaniya, dokar 2004 ta hana bugawa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe. Daren sabuwar shekara da na Diwali da na sabuwar shekarar Sinawa ne aka ɗaga zuwa ƙarfe 1. Wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba a sayar masa da manyan. A Indiya, Kotun Ƙoli ta yanke a 2018 cewa ranar Diwali awa biyu ce kawai, daga 8 zuwa 10 na dare. Ana karyawa, na sani. Amma mai karyawar ya san abin da ya karya, alƙali ma yana da abin dubawa.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan bindigar Sarki na harba bindiga ranar hawan Daushe har ƙasa ta girgiza, babu mai gudu, saboda kowa ya san ranar, ya san wurin, ya san masu harbin. Iyayenmu sun tsara ƙara tun kafin a haifi majalisa.

Za a ce a bar yara su yi murna. Su yi, kafin isha.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wanda ake kamawa. Kullum ɗan shekara goma sha biyu ne ke shan mari da tsallen kwaɗo. Shi ya shigo da kwantena? Wannan kaya daga waje yake zuwa, ya wuce tashar jiragen ruwa, ya hau tirela, ya ratsa shingaye har ya sauka a sito cikin tsakiyar kasuwa, kuma wai babu wanda ya gani. Ranar 26 ga Disamban 2012 irin wannan sito ya fashe a Jankara da ke Legas, gine-gine suka ƙone, aka rasa rai, mutane da dama suka jikkata. Bayan kwana biyu kowa ya koma harkarsa. Wannan ba mantuwa ba ce, ganganci ne.

'Yan majalisun jihohinmu, ku da ba ku gajiya da ƙudurin sauya sunan titi, ga aiki. Ku rubuta ranakun da aka yarda, ku rubuta awannin, ku hana sayar wa yara, ku fitar da sito daga cikin kasuwa da unguwa, tarar kuma ta fara daga kan dila.