Jirgi Zai Tsaya Jibiya, Ina Labarin Batsari da Safana?

Ga magana a kan hanyar jirgin ƙasa.

Ƙasar Ruma ba ta taɓa jin kukan jirgi ba tun zuwan Turawa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya taso daga Baro, wani gari a bakin Kwara inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Ba a jima ba aka haɗa shi da wanda ya taso daga Ikko, bakin teku. A Jebba kuwa babu gada, sai a tura taragu cikin jirgin fito a ƙetare kogi da su, har aka gama gada a 1916. Da hanyar Ikko ta miƙe, ciniki ya juya wa Baro baya, Kano kuwa ta shiga tara dalar gyaɗa. Dattawan fatake sun san wannan labari.

Reshen da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya bar yammacin Katsina a gefe. Mutumin Safana in yana son tasha sai ya ɗaura wa jaki mangala ya nufi kudu, kafin ya isa kuɗin dako ya cinye riba. Haka aka zauna shekara da shekaru, har jirgin kansa ya yi rauni.

To, a 2021 Gwamnatin Tarayya ta ɗora harsashin sabon dogo daga Kano, ya bi Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya shiga Maraɗi, wajen kilomita 284. Jibiya kuwa maƙwabciyar Batsari ce. Abin murna ne, babu shakka. Amma fa jirgi ba ya bin mutum gona. Abin da aka kai masa tasha shi yake ɗauka. Ina amfanin tarago ga manomin da ɓarayin dajin Rugu suka raba da gonarsa, suka kore masa shanu? Garuruwa da yawa a Batsari da Safana sun ga wannan masifa, har almajirai sun watse daga wasu tsangayu, malamansu sun yi hijira zuwa birni.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Katsina ta gyara hanyar Safana zuwa Batsari, da ta Batsari zuwa Jibiya, ta sa masu tsaro a kansu dare da rana tun jirgi bai fara gudu ba. A tashar Jibiya kuma a tanadi sito na hatsi da wurin lodin dabbobi, kada a tsaya ga ɗakin fasinja kaɗai. Fatake su ma kada su zauna jira. Su taru su kai wannan buƙata gaban Sarkin Ruma da Yariman Katsina, a rubuta ta a takarda, hakimai su isar da ita Katsina.