Yi wa Shirye-shiryenka Rumbu a Gida

Yau zancenmu kan fodkas ne, wato shirye-shiryen murya da ake ɗorawa a intanet: labarai, karatun malamai, hirar kasuwa. Damuwarmu da su biyu ce. Data na da tsada, balle in ka tsallaka iyaka da layin wata ƙasa. Sannan shirin da ka ji yau, wata mai zuwa kana iya tarar da masu shi sun cire.

Ni dai rumbu na yi musu a gida. Tsohuwar kwamfuta ta isa, ko 'yar na'urar nan Raspberry Pi da ba ta wuce tafin hannu ba. Ka bar ta a kunne, haɗe da intanet ɗin gida, ka sa mata manhajar Audiobookshelf, kyauta ce. Wannan shi ake kira saba taka ta kanka.

Yawancin fodkas na da adireshin RSS, wato jerin abin da suka fitar. Sau ɗaya za ka ba manhajar adireshin, ka yanka mata lokacin leƙawa, misali ƙarfe 2 na dare. Sabo ya fito, ta sauko da shi, ta jera a jakar shirin. Kai ke faɗa mata guda nawa za ta riƙe.

Ga lissafi irin namu: shirin awa ɗaya mai matsakaicin inganci bai cika wuce megabait 60 ba. Ke nan faifan gigabait 500 zai ɗauki sama da awa 8,000. Saye ɗaya, gida duka ya ci. Kowa da sunan shigarsa, tana kuma tuna inda ya tsaya. Kafin tafiya ka loda a waya, ka saurara daga Kumasi har Bawku ba ka taɓa data ba. Yaranmu da aka haifa a zango kuwa, kunnensu ya riƙa shan Hausa kullum.

Amma a kula. Haɗin farko na son mai ido a kwamfuta, ka biya yaro ya yi maka. Ka tanadi batiri saboda ɗaukewar wuta, ka ajiye kwafi a wani faifan daban. Kuma don sauraron gida ne, kar a mai da wahalar wani hajar sayarwa.

Allah ya ba da kasuwa.