Ƙwallon Ragar Mata a Jami'o'in Amurka: A Riƙe Masu Horarwa Kafin a Fita Zawarcin 'Yan Wasa

Ranar 30 ga Agusta, 2023, mutum 92,003 suka cika filin wasa na Memorial da ke garin Lincoln a jihar Nebraska ta Amurka domin kallon ɗalibai mata suna buga ƙwallon raga. An kafa dandamalin wasan a cikin filin da aka gina don zari-rugan Amurka, 'yan matan Jami'ar Nebraska suka kara da na Omaha, aka tashi da tarihin taro mafi girma da aka taɓa ƙidayawa a wasan mata a duniya. A watan Disambar shekarar, tashar ABC ta nuna wasan ƙarshe na gasar jami'o'i kai tsaye a karon farko. Ba a daɗe ba aka buɗe gasannin ƙwararru a cikin ƙasar, ɗaya a 2024, wata a 2025, ta yadda yarinyar da ta gama jami'a ba sai ta tafi Italiya ko Turkiyya neman abinci da wasanta ba.

Wanda ya hango daga nesa zai ce kakar wannan wasa ta yanke saƙa. Amma a bayan fage, mutanen da ke nemo 'yan wasan su raine su suna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu. Zawarcin 'yan wasa ya zama aikin da ba ya da hutu, dokokinsa suna sauyawa kusan kowace shekara, kuma masu yin sa ba su wuce mutum huɗu a ƙungiya ba. Jami'ar da take son ta daɗe tana cin moriyar wannan bunƙasa, wajibi ne ta fara zuba kuɗi da kulawa a kan masu horarwa, musamman mataimaka da kuma mata daga cikinsu.

A fara da yawan masu nema. Sama da 'yan mata 470,000 ne ke buga ƙwallon raga a makarantun sakandaren Amurka, adadin da ya zarce na masu ƙwallon kwando tun kusan shekara goma da suka wuce. Jami'o'in da ke rukunin farko na hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, waɗanda ke da ƙungiyar mata, ba su kai 350 ba. Kuma ba a makarantu ake zaɓen ba. A kulob-kulob masu zaman kansu ake yi, inda iyaye ke kashe dubban daloli duk shekara kan kuɗin rajista, tikitin jirgi da otal.

Sai mutum ya leƙa irin gasar da ake yi a birnin Orlando duk bazara zai gane wahalar aikin. Zaure ne makeke, an jera filaye fiye da ɗari a ƙarƙashin rufi ɗaya, usur yana tashi ta ko'ina, iyaye suna ihu, ƙwallaye suna ta gilmawa daga wannan fili zuwa wancan. Mataimakiyar koci tana tsaye a gefen layi sanye da rigar jami'arta, waya a hannu ɗauke da jerin sunaye da lambobin filaye. Za ta kalli yarinya ɗaya na minti ashirin, ta lura da tsallenta, da yadda take karɓar ƙwallo mai ƙarfi, da abin da fuskarta ke nunawa idan ta yi kuskure, sannan ta ruga wani filin a ɗaya ƙarshen zauren. Daga irin wannan kallo na tsaitsaye ake yanke shawarar kashe wa yarinya kuɗin karatun shekara huɗu.

A da, gasar neman taurari ta kai ga ana yi wa yara alkawari tun ba su mallaki hankalin kansu ba. Tagwayen nan Amber da Kadie Rolfzen sun amince za su buga wa Nebraska tun kafin su shiga babbar sakandare. Su dai sun dace, domin sun lashe kofin ƙasa a 2015, amma ba kowace yarinya ce jikinta da ra'ayinta ke tsayawa inda suke tana da shekara goma sha huɗu ba. Shi ya sa a 2019 NCAA ta hana masu horarwa tuntuɓar ɗaliba sai ranar 15 ga Yuni bayan ta kammala shekara ta biyu a babbar sakandare, ziyarar jami'a kuma sai daga 1 ga Agusta. Doka ce mai kyau. Sai dai ta tattara matsin lambar wuri guda: a wannan rana wayar fitacciyar 'yar wasa ba ta hutawa, kuma cikin 'yan makonni manyan jami'o'i sun kwashe na gaba-gaba.

Abin da ya fi girgiza aikin shi ne sauya sheƙa. A Oktoban 2018 aka buɗe wata rajista a intanet, inda duk ɗalibar da ke son barin jami'arta za ta sa sunanta, sauran jami'o'i su fara zawarcinta. A 2024 kuma aka cire iyakar sau nawa mutum zai iya sauyawa, muddin karatunsa yana tafiya daidai. Sakamakon ya bayyana a kan kofuna. Texas ta lashe gasar 2022 da taimakon Madisen Skinner da ta zo daga Kentucky, Zoe Fleck daga UCLA, da Keonilei Akana daga Nebraska. Skinner ta riga ta ci kofi da Kentucky, ta ƙara biyu a Texas, a 2022 da 2023. Gwarzuwar gasar 2024, Jess Mruzik ta Penn State, daga Michigan ta zo, kuma Caroline Jurevicius da ta taimaka wajen fitar da Nebraska a wasan kusa da na ƙarshe tsohuwar 'yar Nebraska ce.

Ma'anar wannan ga koci ita ce zawarci ya zama hawa uku. Yana neman 'yan sakandare da za su zo nan da shekara biyu, yana duba rajistar masu sauya sheƙa don cike gurbin baɗi, sannan yana lallashin 'yan wasan da ke hannunsa kada su gudu. Ƙofar sauya sheƙar kuma tana buɗewa ne a watan Disamba, daidai lokacin da ake tsakiyar gasar ƙasa.

Babu adalci a ɗora wa 'yan matan laifi. Shekara da shekaru koci yana iya ajiye ƙungiya ya koma inda aka fi biya, ɗalibar da ya yi wa alkawari kuwa ta zauna da wanda ba ta zaɓa ba. 'Yancin da suka samu haƙƙinsu ne. Tambayar ita ce me zai sa yarinya ta zaɓi zama alhali ƙofa a buɗe take.

Wasu za su ce kuɗi, kuma kuɗin sun shigo. Tun 1 ga Yuli, 2021, ɗalibai 'yan wasa suna iya karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da sasancin ƙarar da ake kira House, wanda ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 kai tsaye a shekarar farko. Kaso mafi tsoka yana tafiya ga zari-ruga da ƙwallon kwandon maza, amma akwai sauyin da ya shafi ƙwallon raga kai tsaye. A da, ƙungiya ba ta iya bai wa fiye da mutum 12 cikakken tallafin karatu. Yanzu jami'ar da ta shiga tsarin tana iya riƙe 'yan wasa 18, ta ɗauki nauyinsu duka idan aljihunta ya kai. Mutum shida ne kawai ke shiga fili a lokaci guda. Ke nan yarinyar da a da za ta zama tauraruwa a matsakaiciyar jami'a, yanzu tana iya ƙarewa a benci a babbar jami'a.

Ƙananan jami'o'i ne ke shan kashi ta kowace fuska. Kocinsu zai hango yarinyar da kowa ya raina, ya gyara mata tsayuwa da duka na shekara biyu, ranar da ta fara haskawa sai manya su kira ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Irin wannan jami'a ba za ta taɓa yin gogayya da Texas ko Nebraska a fagen kuɗi ba. Abin da take da shi na jan hankali shi ne tabbacin samun wurin wasa, da digiri mai daraja, da mutanen da yarinya ta amince da su. Na ukun nan shi ne aka fi sakaci da shi.

Galibi mataimakin koci ne ke fara gano yarinya, shi ke kiran iyayenta, shi ya san wane darasi ke ba ta wuya da ranar da kakarta ta rasu. Idan ya tafi, amanar ta tafi tare da shi. Duk da haka mataimaka ne aka fi ƙuntata wa: kwantiragin shekara ɗaya, albashi kaɗan idan aka kwatanta da na takwarorinsu na wasannin maza, kuma ranar da aka sallami babban koci yawanci su ma aikinsu ya ƙare. Har zuwa Yulin 2023 ma, akwai muƙamin koci na sa-kai, wanda ke aiki ba albashi daga jami'a. NCAA ta soke shi ta ba da damar ɗaukar mataimaki na uku da albashi, amma ba ta tilasta wa kowa ba. Ga kuma doguwar tafiya. Tun da USC, UCLA, Oregon da Washington suka koma rukunin Big Ten a 2024, Stanford da California suka koma ACC, ƙungiya kan tashi daga gaɓar tekun yamma zuwa ta gabas don wasan mako, sannan koci ya dawo ya kama hanyar zawarci.

Wannan rayuwa ta fi tankaɗe mata daga aikin. Lokacin da aka kafa dokar Title IX a 1972, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyoyin mata a jami'o'i mata ne ke horar da su. Binciken da Vivian Acosta da Linda Carpenter suka shafe shekaru suna yi ya nuna cewa zuwa 2014 adadin ya faɗo zuwa kimanin kashi 43. Da albashi ya shigo, maza suka nemi kujerun, kuma masu ɗauka aiki a sassan wasanni galibinsu maza ne. A ƙwallon raga, tun da NCAA ta fara gasar mata a 1981, an yi gasa 43 a jere maza ne ke jagorantar duk ƙungiyar da ta ɗauki kofin rukunin farko. Mary Wise ta Florida ta kai wasan ƙarshe a 2003 da 2017, ba ta samu ba.

Sai ranar 22 ga Disamba, 2024, a birnin Louisville, mata biyu suka fuskanci juna a wasan ƙarshe. Katie Schumacher-Cawley ta Penn State, wadda ke jinyar sankarar mama a kakar ba tare da ta bar aiki ba, ta doke Louisville ta Dani Busboom Kelly da ci 3 da 1.

Hanyar da matan biyu suka bi ita ce darasin. Schumacher-Cawley tana cikin 'yan wasan da suka ci wa Penn State kofin farko a 1999. Ta yi shekaru tana horarwa a Chicago, ta dawo gida a 2018 a matsayin mataimakiyar Russ Rose, mai kofi bakwai, ta gaje shi a 2022. Busboom Kelly kuwa ta ci kofi tana 'yar wasan Nebraska a 2006, ta yi wa kocin Nebraska, John Cook, mataimakiya daga 2012 zuwa 2016, ta kai Louisville wasan ƙarshe sau biyu, kuma da Cook ya yi ritaya a Janairun 2025 ita aka miƙa wa kujerarsa. Dukansu an ba su shekaru suna koyon aiki a gefen gwani, ana biyan su, ana damƙa musu zawarci da shirya dabaru, har suka nuna.

Kada a yi saurin cewa matsala ta ƙare. A shekarar 2025 ɗin, Mary Wise ta yi ritaya aka naɗa Ryan Theis. Kujerar da Busboom Kelly ta bari a Louisville ta koma hannun Dan Meske. Kirsten Bernthal Booth ta bar Creighton bayan sama da shekara ashirin, Brian Rosen ya gaje ta. Babu mai musun ƙwarewar waɗannan maza. Amma manyan kujeru uku da mata suka riƙe sun koma hannun maza cikin 'yan watanni, alamar cewa layin matan da ke tasowa a baya bai yi kauri ba.

Wasan ba baƙo ba ne ga 'yan Najeriya. Ogonna Nnamani da Foluke Akinradewo sun yi fice a Stanford, Chiaka Ogbogu a Texas, kuma Akinradewo da Ogbogu suna cikin tawagar Amurka da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo. Dukansu 'ya'yan 'yan Najeriya ne da suka tashi a can, kuma ta hannun masu horarwa na jami'a suka bi kafin duniya ta san su. Iyaye da yawa daga nahiyarmu da ke zaune a Amurka suna fuskantar irin wannan zaɓi a yau, kuma ya kamata kafin su tambayi nawa za a biya, su tambayi shekara nawa mataimakan kocin suka yi a wurin, da 'yan wasa nawa suka bar ƙungiyar bara.

Gyaran ba ya buƙatar miliyoyi. Jami'o'i su cike gurbin mataimaki na uku da albashin da mutum zai iya riƙe iyali da shi, su daina kwantiragin shekara ɗaya, su tanadi hutun haihuwa da tallafin reno ga masu tafiye-tafiye. NCAA ta ɗage buɗe ƙofar sauya sheƙa zuwa bayan wasan ƙarshe, ta kuma faɗaɗa lokutan da aka hana zawarci gaba ɗaya domin kowa ya huta. Manyan masu horarwa kuma su ɗauki tsofaffin 'yan wasansu mata aiki, su ba su ragamar gaske, kamar yadda Rose da Cook suka yi. Shugabannin sassan wasanni ne ke riƙe da alƙalamin kasafi, kuma su ne ya kamata a tuhuma duk lokacin da ƙwararriyar mataimakiya ta ajiye aiki saboda albashi ko gajiya.