Gasa Ce Ke Sauke Kuɗin Jirgi, Ba Ƙawance Ba

Duk wanda ya taɓa neman mota a tashar Iddo ta Ikko ya san cewa ran da direbobi suka haɗa baki a kan kuɗi ɗaya, fasinja ba shi da ta cewa. To, yadda abin yake a ƙasa haka yake a sama.

A shekarar 1978 ne Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta hana gwamnatin Amurka yanke kuɗin tikiti da rabon hanyoyin jiragen cikin gida. Sababbin kamfanoni suka shigo, kuɗi ya sauka, har mai ƙaramin ƙarfi ya soma hawa jirgi. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai manya suka shiga haɗewa: Delta da Northwest a 2008, United da Continental a 2010.

A tsakanin ƙasashe kuwa, da yake yawancin gwamnatoci ba su yarda baƙo ya mallaki kamfanin jirginsu, sai aka ɓullo da dabarar ƙawance. Aka kafa Star Alliance a 1997, Oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Ba shakka akwai amfani, domin da tikiti ɗaya mutum zai canja jirgi, kayansa na biye da shi. Sai dai a hanyoyin Amurka zuwa Turai hukuma ta yarje wa waɗansu ƙawayen su tsai da farashi tare, su raba ciniki. Suna biyu ke nan, aljihu ɗaya.

Hanyar Ikko zuwa Landan ta isa misali. Bayan rushewar Nigeria Airways a 2003, kamfanonin waje ne suka fi cin kasuwar. Da Air Peace ya soma zuwa Gatwick a watan Maris na 2024, nan da nan suka rage kuɗi. Gaskiya ne sakin kuɗaɗensu da suka maƙale a ƙasar nan ya taimaka, amma ganin abokin gasa shi ya sa suka yi hanzari.

Saboda haka wajibi ne gwamnati ta tsaya tsayin daka. Ƙasar da jiragenta ke sauka a Ikko, Abuja da Kano, to, ta ba namu gurbin sauka a manyan filayenta. A kuma aiwatar da yarjejeniyar Yamoussoukro ta 1999 wadda ta buɗe sararin Afirka ga jiragen Afirka. Ɗan kasuwa da ɗalibi da mai neman magani ba su bukatar tausayin kowa. A dai ba su zaɓi.