"Mura Ce Kawai"

Makalar wannan makon a kan kalma ɗaya za ta tsaya, kalma mai harafi huɗu da kowa ke furtawa da zarar hunturu ya shigo: mura.

Ka tarar da mutum idanu sun yi ja, jiki kamar garwashi, ka ce masa sannu, zai ce maka, "Ba komai, mura ce kawai." Ya sha shayi mai citta da kanumfari, ya fita kasuwa. Sau tara cikin goma ya yi daidai. Matsalar ita ce Bahaushe suna ɗaya ya raɗa wa cututtuka biyu da ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai 'yar murar majina da atishawa mai wucewa cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, mai kayar da ƙato a gado, ta sauka huhu, wani lokacin ta zama annobar da ke zagaye duniya. Ra'ayina shi ne, duk ranar da irin wannan annoba ta sake tasowa, abin da zai fara cutar da mu kafin ƙarancin gado da magani shi ne ƙarancin kalmomin da za a faɗa wa jama'a gaskiya da su, da wuri, ta bakin da suka yarda da shi. Wannan kuwa gonarmu ce.

Mu koma 1918, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Ɗaya. Annobar murar da ta ɓarke a shekarar ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta kashe mutum miliyan 50, fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci. Har yau ana ce mata murar Sifaniya, alhali ba can ta faro ba. Ƙasashen da ke yaƙi sun toshe bakin jaridunsu don kada gwiwar sojoji ta yi sanyi. Sifaniya ba ta cikin yaƙin, jaridunta suka yi ta bugawa, har da labarin kwanciyar sarkinsu Alfonso na 13. Wanda ya faɗi gaskiya shi aka laƙaba wa cutar.

A Amurka, birnin Filadelfiya ya shirya gagarumin jerin gwano na tara kuɗin yaƙi ranar 28 ga Satumba 1918. Cutar ta riga ta shigo gari, wasu likitoci sun ce a fasa, hukumomi suka ce a kwantar da hankali. Mutum kusan 200,000 suka fito. Cikin kwana uku gadajen asibitocin birnin suka cika, cikin makonni shida mutum sama da 12,000 suka mutu. A birnin Sent Luwis kuwa, kwana biyu da ganin cutar a cikin gari shugaban hukumar lafiya, Dokta Max Starkloff, ya sa aka rufe makarantu da gidajen kallo da majami'u. 'Yan kasuwa sun yi ta ƙorafi. Amma idan aka auna da yawan jama'a, mace-macensu bai wuce kusan rabin na Filadelfiya ba. Duk biranen biyu babu mai allurar rigakafi, babu mai magani. Ko ƙwayar cutar ba a gano ba sai a 1933.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsibiran Samowa, can tsakiyar tekun Fasifik. Mutanen jinsi ɗaya ne, harshe ɗaya, dangin juna, amma mulkin mallaka ya raba su biyu: yamma a hannun Niyu Zilan, gabas a hannun Amurka. Ranar 7 ga Nuwamba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Talune ya iso tashar Apiya ta ɓangaren yamma da marasa lafiya a ciki, aka bar fasinjoji suka sauka. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,500 suka mutu, fiye da ɗaya cikin kowane mutum biyar. Ka ɗauki layinku ka lissafa gida-gida, ka cire ɗaya a kowane biyar, za ka ji nauyin wannan adadi. A ɓangaren gabas, gwamna John Poyer ya ji labarin annobar ta wayar iska tun kafin ta iso, ya hana jirage sauke mutane ba tare da killacewa ba. Sarakunan gargajiya suka mara masa baya, mutanensu suka riƙa gadin gaɓar teku suna mayar da kwale-kwalen 'yan uwansu na jini. Ko mutum ɗaya bai mutu ba. Ya ma yi tayin aika taimako ga ɓangaren yamma, mai mulkin can, Kanar Robert Logan, ya ƙi. Sai a 2002 Firaministar Niyu Zilan, Helen Clark, ta je Samowa ta nemi gafara.

Ku lura da abin da Poyer ya mallaka: labari da ya zo da wuri, da mutanen gari da suka gaskata shi har suka yarda su juya wa dangi baya na ɗan lokaci. Dokar gwamna ita kaɗai ba ta gadin gaɓar teku da dare.

Kada wani ya ce wannan tarihin nesa ne. Annobar ta sauka Saliyo a watan Agustan 1918, ta iso Legas ta jirgin ruwa a tsakiyar Satumba, ta bi layin dogon da bai fi shekara bakwai da isa Kano ba, ta bi kogi da hanyoyin fatake. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan rabin miliyan a Najeriya, lokacin da duk jama'ar ƙasar ba su kai miliyan 20 ba. Yau ba sai an jira jirgin ruwa ba. Wanda ya yi atishawa a Jidda da asuba zai iya yin la'asar a Fagge.

To me ya sa nake cewa watannin farko da kalmomi ake yaƙarsu? Ƙwayar infuluwenza tana yawan sauya riga. Kowace shekara takan ɗan sauya kaɗan, shi ya sa ake sabunta allurarta. Amma jefi-jefi sai ƙwayar tsuntsaye ko ta aladu ta cakuɗa da ta mutane, a sami sabuwa fil wadda garkuwar jikin kowa ba ta santa ba. Haka aka yi a 1957 da 1968 da 2009. Mafi yawan allurar mura har yanzu a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayarta, kuma daga gano sabuwar ƙwaya zuwa fitowar allura ana ɗaukar kusan wata shida. Ko ta fito, ƙasashen da ke da masana'antun su ne kan gaba a layi. Korona ta nuna mana wannan ƙarara. A cikin waɗancan watanni, abin da ke hannunmu shi ne mara lafiya ya zauna gida, a rufe baki in za a yi tari, a wanke hannu, a buɗe tagogi, a rage cunkoso, a san alamun da ke cewa a garzaya asibiti. Kowanne daga cikinsu sai an faɗa wa mutum, ya fahimta, ya yarda.

Nan ne suna ke yin ɓarna. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in a nahiyar Afirka. Sunan ya sa mutane da yawa suka ɗauka damuwar masu kiwo ce kawai, sai a farkon 2007 da ta kashe wata mata a Legas. A 2009 aka zo da "murar aladu". Wane Bahaushe ne zai ji wannan suna ya ga ta shafe shi? Alhali daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, babu ruwanta da abin da kake ci. Masar ta sa aka karkashe aladun ƙasar, cutar ta shiga abinta. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunan gari ko dabba ko ƙabila. Ƙa'idar ta tsaya a Turanci da manyan harsuna. Wa zai yi mana tamu? Yawanci ɗan jarida ne a ɗakin labarai, saura minti goma a shiga iska, ya fassara yadda ta zo masa, kuma sunan ya zauna ke nan.

Na san abin da wasunku za su ce: mu marubuta ne, ba likitoci ba, kuma ɗan ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gaskiya ne, kuma ina tare da ku a rabin maganar. Marubucin da zai zauna ya ƙirƙiro magani daga kansa gara ya ajiye alƙalamin. Mun ga yadda saƙon wanka da ruwan gishiri ya karaɗe wayoyi a dare ɗaya lokacin Ebola a 2014, har wasu suka kwanta asibiti. Wanda ya tsara wannan saƙon ya iya jan hankali, abin da bai da shi shi ne gaskiya. Amma sauran rabin maganar: likitan ma ba marubuci ba ne. Ya san dalilin da ya sa kafson da ake saye a kemis ba ya taɓa ƙwayar mura, don an yi shi ne domin bakteriya. Faɗar haka ta yadda Inna za ta fasa aiken yaro da kuɗi, wannan wata sana'a ce daban.

Akwai kuma maganar yarda, wadda ba a sayenta ranar buƙata. Mutanenmu ba haka kawai suke zargi ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo, kuma tabon na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. Duk rubutun da zai fara da kiran mutane jahilai ya faɗi tun daga layin farko. Wanda ya amsa cewa an taɓa cutar da su, sannan ya bayyana abin da ya bambanta yau, shi ake karantawa har ƙarshe. Haka nan shawarar "kowa ya zauna gida" ba ta da ma'ana ga mai tura baro da sai ya fita za a ɗora tukunya, ko gidan da mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya. Sai wanda ya san zauren da tsakar gidan ne zai iya cewa: a ware wa mara lafiya gefen taga, mutum ɗaya ya riƙa jinyarsa, a raba masa kofinsa da butarsa, kada a kawo jariri ko mai ciki ko tsoho kusa da shi. Ga kuma abu mafi wuya a al'adarmu, dubiya. Ta yaya za ka ce wa Bahaushiya kada ta je duba ƙanwarta ba tare da ta ji ka ce ta yanke zumunci ba?

Na gwada rubuta wannan jimlar jiya da dare, na soke sau huɗu. Abin da ya rage a takardar shi ne: "Yaya, a wannan karon dubiyar da ta fi lada ita ce ki aiko da kunu ki kira waya, in numfashinta ya fara sama-sama ko leɓenta ya canza launi, kada a jira gari ya waye." Har yanzu ba ta gamsar da ni ba, ta yi tsawo ga rediyo. Wanda ya iya gajarta ta, ko yake da sunan da zai raba mana infuluwenza da murar hunturu ba tare da ya jingina ta ga wata ƙasa ko dabba ba, ya ajiye mana a ƙasa mu tattauna kafin mako mai zuwa.